Yadda Muka Ɗauke Wa Rabi Ranar Kasuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga 'yata ta fari. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Safana lafiya, kin tarar da Gwaggonki da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare miki hanya tafiya da dawowa, Ya kare ki daga mutanen daji, Ya kare ki daga bakin mutanen gari, Ya sa ki shiga ajinki da ƙafar dama.

Kin san halina da ke. Ke ce ta fari, kuma haka aka taso da mu, uwa ba ta sakin baki da ɗan fari. Tun da na haife ki ban taɓa kama sunanki ba, daga "ke" sai "yarinyar nan", har ƙannenki suna yi mini dariya. Na san abin da zan yi ranar tafiyarki: in ce Allah Ya kiyaye hanya, in shige madafi in kama juya tukunyar da ba ta nemi juyi ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Shekarun da na yi ina koyarwa a firamare, ko ba su bar mini komai ba, sun bar mini rubutu.

Babanki ne ya gaya mini, don na san ke ba za ki gaya mini ba, cewa ban da koyarwar da aka tura ki, kin ba da sunanki cikin masu aikin sa-kai na lafiya. Ya ce za a riƙa kiranku zama idan ana tsara yadda masu cutar ƙanjamau za su sami magani a Safana da ƙauyukan wajen Tsaskiya, kuma kuɗin tallafin ya ƙara raguwa, za a duba abin da za a bari da abin da za a yanke. Da na ji haka, abin da ya fara zo mini shi ne in sa ya hana ki. Na kwana biyu da wannan niyya a raina. Daga baya na gane ba aikin nake jin tsoro ba, tsorona ki yi shi irin yadda na yi shi. To gara in gaya miki yadda na yi shi ɗin, ki san inda na taka na zame.

Za ki tuna Rabi mai ƙuli-ƙuli, wadda take kawo mana man gyada ranar kasuwar Batsari, take tsokanarki wai ita kishiyar uwarki ce don babanki ya fi yabon hannunta a kan nawa. A Karare muka taso da ita, danga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Ni na bi makaranta har na zama malama a nan cikin gari, ita kuma ta yi aure a wani ɗan ƙauye gaba da Karare. Mijinta ya yi doguwar jinya ya rasu, mutane suka ce sammu ne. Ta ci gaba da zama a gidan saboda 'ya'yanta, a hannun yayan mijin, wanda shi ne mai gidan gaba ɗaya. Da ita ma ta fara ramewa, ni na lallaɓa ta muka je aka gwada jininta, aka tarar ƙanjamau ne. Duk duniya ni kaɗai ta yarda in sani.

Maganin ya karɓe ta sosai. Ba ya warkar da ciwon, amma muddin mutum yana shan sa kullum ba fashi, zai yi ƙiba, ya yi sana'arsa, ya ga jikokinsa. Rabi ta murmure har ta fi ni kumatu. Akwai ɗakin magani da wata ƙungiya ta buɗe kusa da kasuwa, kullum ana ba da maganin ƙanjamau a wurin, amma Rabi ranar kasuwa take karɓar nata. A ranar kowa yana shiga wurin, mai zazzaɓi, mai awon ciki, mai ciwon haƙori, tsoho mai neman maganin ƙafa. Rabi sai ta bar tirenta wajen maƙwabciyar zamanta, ta shiga kamar mai ciwon kai, ta karɓi robarta ta cusa a ƙasan kwano, ta sayi kayan miya ta koma gida. Shekaru tana haka, ko kaza ba ta sani ba.

Sai shekarun nan suka shigo, ba sai na ba ki labarinsu ba. Gonakin nesa suka gagari nomawa, hatsi ya yi tsada, man fetur ya fi ƙarfin talaka. Hanyoyin ƙauye suka zama sai ranar kasuwa ake bin su, a taru a fito da yawa, 'yan sintiri a gaba, a koma tare kafin la'asar ta yi sanyi. Sauran ranaku ɗan kabu-kabu ko ya ninka kuɗi ko ya ce bai zuwa, kuma ba za ki ga laifinsa ba. A cikin wannan hali aka aiko cewa masu ba da tallafi sun rage hannu. Ma'aikacin da ke riƙe da makullin maganin ƙanjamau ba zai iya zama kullum ba, sai rana ɗaya a mako. Aka ce a kira kwamiti, har da mu masu aikin sa-kai, a zaɓi ranar tare.

Na ji daɗin kiran nan, ba zan ɓoye miki ba. Da can aike kawai muke yi, a tsara a ofis a ce mu shiga gidaje mu faɗa. Ranar kuwa an ajiye mana benci, an ba mu lemo. Maza suna gaba, mu mata muna baya wajen taga, kamar yadda aka saba. Wata jami'a ta zo daga Katsina, yarinya ce, ba ta girme ki da yawa ba, mai hankali. Ta ce ba ta zo da amsa a jaka ba, mu ne muka san mutanenmu, mu faɗa mata. Shugaban kwamitinmu kuwa Baba Alhaji ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, aminin mahaifina. A gabansa na girma, ko yanzu in na gan shi sai na durƙusa.

Shi ya fara magana, kuma da kyakkyawar zuciya ya yi ta. Ya ce, "Ranar kasuwa ido ya yi yawa. Bayin Allah nan mu rufa masu asiri, mu ba su ranar da gari ya yi shiru, su zo su amshi abinsu ba wanda ya gan su." Maza suka ce madalla, wannan tausayi ne. Wani malami ya ƙara da falalar rufin asiri, kowa yana gyaɗa kai.

Ni kuwa na san abin a juye yake. Cunkoson nan da Baba yake gudu, shi ne mayafin Rabi. Mace a ƙauye ba ta da dalilin zuwa Batsari da ba a tambayarsa sai kasuwa. Ranar da gari ya yi shiru, duk wanda aka gani a ƙofar ɗakin nan an san abin da ya kawo shi, kuma ranar ce hanya ba kowa sai mutanen daji. Duk wannan yana bakina. Jami'ar ta juyo wajenmu ta ce ko iyaye mata suna da magana. Ta sake tambaya, har ta dube ni, don an ce mata ni malama ce. Na dubi ƙeyar Baba Alhaji da farar hularsa, na ji ba zan iya tashi a gaban maza in ce maganarsa ba daidai ba ce. Na ce a raina, wa ya aike ni, wata ma ta faɗa. Sauran matan ashe ni suke jira. Na buɗe baki na ce madalla, aka shafa fatiha.

To ki ji ni da kyau. Kunya abu ce mai kyau, da ita na rene ki, kuma ba na nadama. Amma wanda aka ɗora a benci don ya yi magana a madadin wasu, kunyarsa ba tasa ba ce shi kaɗai, wasu ne za su biya ta. Ban ce ki yi wa babba tsaye a ka ba. Akwai yadda ake yi. Ki gaishe shi, ki nemi afuwa, ki yaba niyyarsa, sannan ki ce akwai abin da kika gani da idonki a ƙauye, ki faɗe shi duka, kada ki haɗiye rabi. In muryarki ta yi rawa, ta yi, ba rawar murya aka hana ba. Kuma ki yi hattara da shawarar da ta yi daɗin ji a cikin gari. Mu mutanen gari da ƙafa muke zuwa ɗakin magani, ba ma neman izinin kowa, shi ya sa abin da zai kashe mutumin ƙauye yakan yi mana kama da alheri. Kafin ki ce madalla, ki ɗauki mace ɗaya da kika sani a Tsaskiya, ki bi ta a zuciyarki tun daga ƙofar ɗakinta: wa za ta tambaya, me za ta ce masa, wa zai ɗauko ta, wa zai gan ta tana shiga.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne, a wannan zama ɗin dai na yi magana, doguwa ma. Bayan an gama batun rana, jami'ar ta ce akwai ɗan abin da ya rage, ko a taimaka wa masu zuwa daga nesa da kuɗin mashin, ko a yi wa masu aikin sa-kai wani abu. Nan fa bakina ya buɗe. Na tashi na ce mun daɗe muna yawo a rana ba a san da mu ba, a ɗinka mana hijabi iri ɗaya da jaka mai tambari, yadda in mun shiga gida za a ba mu girma. Na kawo hujja kan hujja, har Baba Alhaji ya yi dariya ya ce 'yar amininsa ta iya lauyanci. Mata suka tafa mini. Aka ɗinko hijabai kore shar, da jan tambarin nan na yaƙi da ƙanjamau a ƙirji, da jaka mai irinsa. Na kai nawa aka goge mini shi da dutsen guga.

Ki lura da wannan a kanki, don jinina ne a jikinki. Duk ranar da kika ga harshenki ya yi nauyi a kan abin da ya shafi marasa lafiya, ya yi sauƙi a kan abin da ya shafe ku masu aikin, to ki tsaya ki tuhumi kanki. Ba haramun ba ne mai aikin sa-kai ya nemi a san da shi, ku ma mutane ne, takalmanku suna cinyewa. Amma idan tukunya ta yi ƙanƙanta, a fara zuba wa wanda in bai samu ba zai kwanta. Da na ce a ba da kuɗin mashin, da aƙalla ninkin da 'yan kabu-kabu suke yi bai tsaya wa kowa a wuya ba.

Rabi ba ta yi ƙorafi ba da na gaya mata sabuwar ranar. Ta dai ce to. Watan farko ta ce wa yayan mijinta za ta gaisuwar mutuwa a Batsari. Na biyu ta ce barka. Daga nan mutuwa da haihuwa suka ƙare mata, mutumin ya fara tambayar wace irin dangi ce take da ita a gari da ba sa mutuwa sai ranar da ba kasuwa. Ga kuɗin mashin da yake cinye ribar ƙuli-ƙulinta kaf. Ga shi ranar nan ɗakin maganin fayau, ita da wasu 'yan tsiraru a kan benci, kowa yana sunkuyar da kai, mai shagon da ke kallon ƙofar yana ƙirga su da ido.

Da damina ta kankama, zazzaɓi ya kwantar da ita, kasuwa biyu ban gan ta ba, ga lokacin karɓar maganinta ya wuce. Na roƙi ma'aikacin ya ba ni in kai mata. Ranar kasuwa da safe na bi wani ɗan kabu-kabu da zai je ɗauko mutane. Kin san me na sa? Koren hijabin nan, da jakata a kafaɗa, ina jin kaina ma'aikaciya. Ban tuna ba cewa mun taɓa zuwa ƙauyukan nan wayar da kai da wannan tambarin, har yara sun haddace shi. Ina sauka suka biyo ni suna cewa ga masu maganin ƙanjamau sun zo. Da rakiyarsu na shiga gidan, na wuce matar yayan mijin tana sussuka a tsakar gida, na yi sallama a ƙofar Rabi. Matar ta amsa gaisuwata da fara'a, idonta kuwa yana kan ƙirjina.

Rabi ta shimfiɗa mini tabarma, ta sa aka kawo mini ruwa, muka gaisa kamar ba komai. Sai da zan tafi ta riƙe bakin hijabin ta murza shi da yatsa, ta ce, "Yadin yana da kyau. Amma in za ki sake zowa, ki zo da tsohon gyalenki, shi mutanen gidan ga suka sani." Ban gane girman abin da na yi ba sai daga baya. Aka ware mata kofi da kwano. Matan gidan suka daina aiko 'ya'yansu ɗakinta. A ƙauyen aka bar sayen ƙuli-ƙulinta, wai da hannu take murzawa. Ba wanda ya ce mata uffan, ba wanda ya zage ta, kowa dai ya ja jikinsa. Abin da ta ɓoye shekara da shekaru, na tone shi da safiya ɗaya saboda son a gan ni da kaya.

Don haka in za ki shiga gidan mutum, ki shiga a matsayin 'yar gidan su wance da ta zo gaisuwa. Ki bar jaka, ki bar tambari, ki bar duk abin da zai sa yaro ya nuna ki da yatsa. Ki shiga gidan da ba mara lafiya kamar yadda kike shiga gidan da yake akwai, yadda ƙafarki ba za ta zama alama ba. In an kawo shawarar riguna da alluna da fenti a ƙofa, ki tambaya wa za su yi wa amfani. Masu ba da kuɗi suna son su ga hoton abin da suka saya, wannan ba laifi ba ne, amma ke aka kira ki gaya musu abin da hoto ba ya nunawa.

Bayan wannan sai na koma gyaran ɓoye. Nakan karɓo mata in kai kasuwa, in yi kamar ina cinikin mai, in zura mata a ƙarƙashin tire. Na yi haka 'yan lokuta, ina jin na yi dabara. Ban tsaya na tambayi kaina ba, sauran matan da ba su da ƙawa a gari fa, wa yake zura musu? Daga baya ma'aikacin ya ce ba zai ci gaba da ba da magani ga wadda bai gani ba, dole ta zo a auna ta a ɗebi jininta, kuma gaskiyarsa ce. Yayan mijin kuwa tun zuwana ya kafa doka, ba inda za ta sake zuwa in ba kasuwa ba, wai kada ta ƙara jawo wa gidan magana.

Nan ne ya kamata in tafi gidan Baba Alhaji da ƙafata. Maimakon haka na yi abin da muka saba, na aika. Na zauna na zayyana wa babanki komai ban da sunan Rabi, na ce ya je ya gaya wa Baba a mayar da ranar. Kin san babanki da kawaici. Ya je suka gaisa, suka yi hirar ruwan sama, suka yi ta tsadar taki, suka yi jajen waɗanda aka ɗauke. Sai da ya tashi tafiya, yana sa takalmi, ya ce uwar yara ta ce a duba maganar ranar nan in da hali. Baba ya ce in sha Allahu, in an zo zama na gaba. Babanki ya dawo ya ce ya isar, ni ma na ce na sauke nauyi. Zama na gaba kuwa aka yi ta ɗaga shi, yau ba mai a motar jami'a, gobe hanyar Katsina ba lafiya.

Ba laifin babanki ba ne, abin da na ba shi ya kai, sai dai maganar ta huce a hanya kamar kunu. Ki riƙe wannan: maganar da ran mutum ya rataya a kanta ba a ba da ita saƙo. Kowane baki ta bi sai ya rage mata zafi don ladabi, kafin ta isa ta zama gaisuwa. Kuma abin da kuka ɓata a gaban jama'a, kada ki koma kina lallaɓa shi a ɓoye don mutum ɗaya da kike so. Ki koma inda aka yanke shi ki ce a sake. In an ce sai zama na gaba, ki tambaya yaushe ne, in ba rana ki bi su gida ɗaya ɗaya. Gara a ce 'yar Malama ta cika naci.

Wata ranar kasuwa, wajen ƙarshen damina, maƙwabciyar zamanta ta ce mini Rabi ta zo amma ba ta zauna ba. Na same ta a dakalin ɗakin maganin, a gefen ƙofar da aka kulle. Da ƙyar na gane ta. Wuyanta ya zama kamar na 'yar tsana, tana tari tana tare bakinta da gefen zane, tirenta a cinya da ɗan ƙuli-ƙulin da bai kai a fito da shi kasuwa ba. Ta ce ta san ba ranar ba ce, ta zo ne ko Allah zai sa a dace. Na zauna kusa da ita. Can ta tambaye ni, wai shin wa ya ɗauke ranar nan daga kasuwa. Na ce manya ne suka yanke a wajen mitin.

Ta juyo ta dube ni, ta ce, "Halan ke ba ki wurin?"

Ba da gatse ta faɗa ba, na san gatsen Rabi tun muna yara. Tambaya ce tsakani da Allah. Na sunkuyar da kai ina gyara jaka. Sai ta dafa gwiwata, ita da ba ta da lafiya, ta ce, "Ai na sani. Na ce ma raina, da kina wurin da ba su yi haka ba."

Na bar ta a kan haka. Na roƙe ta ta kwana gidanmu har ranar maganin, ta ce ba a ba ta izinin kwana ba, ga yara, ga ayari zai tashi. Na raka ta har inda mashina suke, ta hau da ƙyar. Ba a jima ba mutanen daji suka matsa wa yankinsu, hanya ta rufe ko ranar kasuwa. Lokacin da mutanen ƙauyen suka gudo Batsari aka sauke su a makarantar firamare, a amalanke aka kawo ta. An mayar da ita kan magani, ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, amma tarin ya riga ya ci ƙirjinta. Kina kwaleji lokacin, na ce a gaya miki Rabi ta rasu, ban ce a gaya miki sauran ba. Ba ta ga sabuwar dawa ba.

Da aka samu aka yi zaman, ban jira a tambayi iyaye mata ba. Na tashi daga bencin baya, na nemi afuwar Baba, na faɗi duk abin da ya kamata in faɗa tun farko. Kin san tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a mayar da ranar? Ko lemon da aka ba mu ba mu shanye ba. Ba a nemi ƙarin ko sisi ba, ba a rubuta wa kowa takarda ba. Ma'aikacin ma ya ce mutanen ƙauye da yawa sun daina zuwa, ya rasa dalili. Jami'ar ta ce ai abin da ta zo nema ke nan tun wancan karon. Baba Alhaji ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi, sannan ya ce, "Ɗiyata, mi ya hana ki faɗa mani tun ran nan? Ni ban taɓa zama mace a ƙauye ba." Wannan sauƙin da abin ya yi shi ne ya fi ci mini rai har yau. Da an yi gardama, da an ƙi, da na sami wanda zan ɗora wa.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun gaya mini, babanki ma ya gaya mini, kuma na yi imani. Amma imanin bai hana ni sanin abin da na yi da abin da ban yi ba. Hijabin yana nan a ƙasan akwati, ban sake sa shi ba, ban kuma iya ba da shi ba. Ranar kasuwa in na wuce layin masu mai, har yanzu nakan kauce ta bayan rumfuna.

Yanzu ga shi an ce kuɗin ya ƙara raguwa, kuma wannan karon abin da za a yanke zai fi namu zafi. Ba zan ce miki za ki ceci kowa ba. Wani abin za ki faɗa a ƙi, wani za a yarda kuɗi ya hana, wani kuma hanya ce za ta hana. Za ki gaji, za a kira ki mai baki, wataƙila Gwaggonki ma ta ce ki rage. Ki ci abinci kafin ki fita, kada ki bi hanyar Tsaskiya sai ranar da jama'a suke bi, kada ki kama sunan mara lafiya a gaban kowa ko da mijin da za ki aura ne. In da hali, ki nemi a sa masu shan maganin kansu a cikin zaman, ko da ta bakin wanda suka yarda da shi, don sun fi ku sanin inda yake musu ciwo. Amma duk wannan ƙari ne. Abin da na zauna rubutawa guda ɗaya ne.

A ƙauyukan nan akwai matan da ba za su taɓa ganin cikin ɗakin da ake zaman ba. Za su ji an ce 'yar Malama tana ciki, hankalinsu ya kwanta, kamar yadda na Rabi ya kwanta da ni. Ta tafi kabarinta tana zaton ba na wurin. Ina wurin, a bencin baya wajen taga, da lemo a hannuna, kuma na ce madalla.

Na ce ki ajiye kunya inda rai yake a kan gaba, to bai kamata in umarce ki da abin da na kasa ba. Hindatu. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba. Hindatu, 'yata, in an juyo an ce ko iyaye mata suna da magana, ki tashi.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kai ki inda za ki lafiya Ya dawo mana da ke lafiya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa ta daji, Ya jiƙan Rabi Ya haskaka makwancinta, Ya yafe mini. Ki gaida Gwaggonki ƙwarai, ki ce ina ba ta amanarki. Babanki da ƙannenki suna gaishe ki.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
daga Batsari.